Kafin A Rubuta "Bincike Ya Nuna": Amanar Da Ke Wuyan Masu Wallafa Bayanan Abinci Da Lafiya

A daren Alhamis wayewar Juma'a, 8 ga Agustan 2014, wayoyi sun yi ta ƙara a gidaje a faɗin Najeriya. Uwa ta kira 'yarta da ke aure a wani gari, wa ya tashi ƙanensa daga barci, maƙwabci ya buga ƙofar maƙwabci. Saƙon ɗaya ne: a ɗora ruwa, a zuba gishiri, a yi wanka da shi kafin gari ya waye, a kuma sha, wai shi ne rigakafin Ebola. Cutar ta shigo ƙasar ranar 20 ga Yuli tare da wani fasinja da ya sauka Legas daga Laberiya, tsoro kuma ya riga ya cika zukata. Kafin hukumomin lafiya su fito su ƙaryata maganar, aikin gama ya gama. Jaridu sun ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2 da kwantar da kimanin 20 a asibiti a jihar Filato, saboda gishirin da suka ɗirka wa cikinsu.

Ebola ta kashe mutum 8 a Najeriya kafin a ayyana ƙarshenta ranar 20 ga Oktoban wannan shekara, kuma ba ta wuce Legas da Fatakwal ba. Ba ta taɓa taka ƙasar Jos ba. Abin da ya isa can ya yi kisa 'yan kalmomi ne da wani ya rubuta, wasu suka tura, babu wanda ya tsaya ya tambayi asalinsu.

Wannan ne ya raba rubutu kan abinci da lafiya da sauran rubuce-rubuce. Labarin siyasa idan ya zo da kuskure, a yi gardama a majalisa, a watse. Labarin abinci kuwa kicin yake shiga, ya shiga tukunya, ya shiga jikin tsohon da ke fama da hawan jini da na jaririn da ake goyo. Mai karatu aiki yake yi da shi. Saboda haka duk wanda ya ɗauki alƙalami a wannan fanni ya ɗauki amanar da ta yi kusa da ta mai ba da magani, ko ya sani ko bai sani ba.

Ƙaramin gida, babban nauyi

A da, manyan jaridu da gidajen rediyo ne ke ɗauke da irin waɗannan bayanai. Yanzu kuwa kaso mai tsoka ya koma hannun masu zaman kansu: ƙaramar mujallar mata mai ma'aikata uku, ɗan littafin girke-girke da shawarwarin lafiya da ake sayarwa a tasha, shirin rediyo da mutum ya sayi lokaci yake gabatarwa, likita ko malamar jinya da ke rubutu da yarensu bayan sun tashi daga aiki. Akwai alheri mai yawa a nan. Su ne ke magana da harshen da mutane ke ji, su ne suka san cewa maganar cin ganye a wajenmu maganar zogale ce da rama da yakuwa da kuka.

Sai dai babbar kafa tana da matakan da labari ke bi kafin ya fita: wakili ya rubuta, edita ya duba, mai tace rubutu ya sake dubawa, wani lokaci har lauya. A ƙaramin gida sau da yawa mutum ɗaya ne marubuci, shi ne edita, shi ne mai neman talla. Babu mai ce masa dakata. Don haka dole ya gina wa kansa waɗannan matakai da hannunsa, ya rubuta su, ya bayyana wa masu karatu, ya kuma tsaya a kansu ranar da tsayuwar za ta ja masa asarar kuɗi. Abin farin ciki shi ne yawancin ƙa'idojin ba jari suke buƙata ba. Lokaci suke ci da haƙuri.

Labari mai daɗi ba hujja ba ne

A 2013 wata matashiya 'yar Ostireliya mai suna Belle Gibson ta fitar da manhajar girke-girke mai suna The Whole Pantry. Abin da ya sayar da manhajar labarinta ne: ta ce likitoci sun same ta da ciwon dajin ƙwaƙwalwa, sun yanke mata 'yan watanni, ta bar maganin asibiti ta koma ga abinci mai tsafta da magungunan gargajiya, ta rayu. Dubban ɗaruruwan mutane suka bi ta a Instagram, cikinsu har da masu fama da ciwon daji na gaske. Kamfanin Penguin ya buga littafinta a 2014, kamfanin Apple ya shirya sanya manhajar a sabon agogonsa.

A watan Maris na 2015 'yan jarida biyu na jaridar The Age da ke Melbourne, Beau Donelly da Nick Toscano, suka yi abin da babu wanda ya yi a baya: suka tuntuɓi ƙungiyoyin agajin da ta ce tana ba su kuɗi, suka tarar yawancin kuɗin bai isa ba. Daga nan zare ya fara warwarewa. Wata ɗaya bayan haka ta amsa da bakinta a wata mujalla cewa ba ta taɓa yin ciwon daji ba. A 2017 kotun tarayya ta ci ta tarar dalar Ostireliya 410,000 kan yaudarar da ta yi game da sadakar. Shi ma kamfanin Penguin ya biya dala 30,000 saboda ya buga da'awar lafiya ba tare da ya tantance ta ba.

Darasin mawallafi a fili yake. Wanda ya zo da labarin cewa ya warke, a nemi takardar asibitin da ta tabbatar ya yi ciwon tun farko, a kuma tambayi wane magani ya sha tare da abincin. Ko da labarin ya tabbata, mutum ɗaya ne. Masu shan abu iri ɗaya da ba su warke ba ba sa zuwa a yi hira da su, wasunsu ma suna kushewa. Kalmomin "mujarrabi ne" da "an gwada an gani" suna da nauyi a kunnen Bahaushe, shi ya sa bai kamata edita ya bar su su wuce teburinsa babu shaida ba.

Wa ya faɗa, a ina ya samo?

Al'ummarmu ba baƙuwa ba ce ga bin diddigin magana. Malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum har zuwa tushe, su auna gaskiyar kowane mai ruwaya da ƙarfin haddarsa, su ce wannan ingantacce ne, wancan mai rauni ne. Haka aikin mai tantance labarin abinci yake. Jimlar da ta fara da "masana sun ce" ko "bincike ya nuna" ba ta da isnadi har sai an faɗi wane masani, wane bincike, a wace mujalla, a wace shekara, kuma sai marubucin ya buɗe takardar ya karanta da idonsa.

A 2015 wani ɗan jaridar kimiyya Ba'amurke, John Bohannon, ya haɗa kai da masu shirya fim na talabijin a Jamus don su gwada ko 'yan jarida na yin wannan aiki. Suka shirya gwaji na gaske amma mai rauni da gangan: mutum 15 kacal, aka raba su gida uku, na tsawon mako uku, rukuni ɗaya ana ba su cakulan kullum. Suka auna abubuwa 18 a jikinsu, daga nauyi zuwa barci zuwa sinadaran jini. Sun san cewa idan aka auna abubuwa masu yawa a jikin mutane kaɗan, da wuya a rasa guda ɗaya da zai nuna bambanci bisa dace kawai. Aka yi dace nauyi ne ya nuna. Suka ƙirƙiri sunan wata cibiyar bincike da ba ta wanzu ba sai a intanet, suka biya kuɗi wata mujalla ta buga musu takardar babu tacewa, suka aika wa jaridu sanarwa. Jaridar Bild, wadda ta fi kowace yawan masu karatu a Jamus, ta buga cewa cin cakulan na rage ƙiba, kafafe a ƙasashe da dama suka kwafa. Kusan babu wanda ya tambayi mutum nawa aka gwada, ko ya nemi ra'ayin wani masani na daban.

Sunan babbar jami'a ma ba ya ɗauke wa edita wannan aiki. Farfesa Brian Wansink na Jami'ar Cornell ya shafe shekaru jaridun duniya na ɗauko bincikensa kan yadda girman faranti da yanayin wurin cin abinci ke sa mutum ya ci da yawa. Da wasu masana suka zauna suka sake lissafa alƙalumansa, suka tarar da saɓani iri-iri. A watan Satumban 2018 mujallun likitanci na JAMA suka janye takardunsa 6 a rana guda, jami'ar ta sanar cewa ta same shi da saɓa ƙa'idar bincike, ya ajiye aiki.

Akwai kuma tarkon sanarwar manema labarai. Wani nazari da mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta buga a 2014 ya duba sanarwa 462 da jami'o'in Birtaniya 20 suka fitar kan binciken lafiya. Kashi 40 cikin 100 sun zuzuta shawarar da binciken ya bayar, kashi 33 sun mai da alaƙa ta zama sanadi, kashi 36 kuma sun jingina wa mutane sakamakon da aka samu a jikin dabbobi. Ke nan ƙarin gishirin yakan fara tun daga ofishin jami'ar, kafin ya iso ga ɗan jarida. Wanda ya fassara sanarwar zuwa Hausa ba tare da ya koma ga takardar asali ba, ya fassara har da ƙarin.

Bincike suna ya tara

Abu na gaba da edita zai sani shi ne hujjoji hawa-hawa ne. Akwai gwajin da aka yi a kan ƙwayoyin halitta cikin kwalba. Akwai wanda aka yi a kan ɓeraye. Akwai nazarin da ake bin dubban mutane shekara da shekaru ana tambayar su abin da suke ci, a ga wa ya kamu da ciwo. Akwai gwajin da ake raba mutane ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu abin, a ba wasu kwatankwacinsa da babu komai a ciki. A sama kuma akwai nazarin da ke tattara dukkan gwaje-gwajen da aka yi ya auna su tare. Kowanne yana da amfaninsa, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Tarihin sinadarin beta-karotin, wanda ke ba karas launinsa, ya isa misali. Nazarce-nazarce sun daɗe suna nuna cewa masu cin kayan lambu da ke ɗauke da shi ba su cika kamuwa da ciwon dajin huhu ba. Sai aka ce to a zuba shi a ƙwaya. A ƙasar Finlan aka gwada a kan maza masu shan taba fiye da 29,000. Da sakamako ya fito a 1994, masu shan ƙwayar sun fi sauran kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin 100. Wani gwajin a Amurka an dakatar da shi a 1996 kafin lokacinsa saboda ya nuna irin wannan illa. Masu cin ganye da karas sun bambanta da sauran mutane ta fuskoki da yawa, kuma sinadarin da aka ciro daga abinci aka tara a ƙwaya wani abu ne daban.

A 2013 masana biyu, Jonathan Schoenfeld da John Ioannidis, suka ɗauki littafin girki suka zaɓi kayan abinci 50. Suka tarar 40 daga ciki an taɓa buga binciken da ya danganta su da ciwon daji, wasu a ce suna jawo shi, wasu a ce suna kare shi, da dama kuma an faɗi duka biyun a kansu. Wanda yake neman takarda guda da zai goyi bayan ra'ayinsa da ita ba zai rasa ba. Ƙa'idar ita ce a tambayi abin da jimillar hujjoji ke cewa.

Kofin zobo a teburin edita

Mu ɗauka wani marubuci ya kawo maƙala mai kanun "Zobo na maganin hawan jini". Edita mai kula ba zai yi watsi da ita ba, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Zai nemi tushe. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka fi ambata shi ne wanda masana a Jami'ar Tufts ta Amurka suka buga a 2010. Zai buɗe shi ya karanta da biro a hannu.

Mutum nawa? 65. Su wane ne? Manya waɗanda jininsu ya ɗan hau ko yake dab da hawa, kuma babu mai shan maganin hawan jini a cikinsu. Me aka ba su? Kofi uku na shayin zobo kullum, wasu kuma abin sha mai kama da shi. Tsawon wane lokaci? Mako 6. Me aka samu? Lambar sama ta awon jini ta sauka da kimanin maki 7 a masu shan zobo, ta sauka da kimanin maki 1 a sauran.

Daga nan editan zai ja layi ƙarƙashin kalmar "magani". Saukar maki shida ko bakwai abu ne mai amfani, amma ga wanda awonsa ya kai 180 ba za ta fitar da shi daga haɗari ba. Gwajin bai shafi masu shan ƙwayoyin asibiti ba, bai shafi masu juna biyu ba, bai kuma faɗi abin da zai faru bayan shekara ba. Sannan zai tuna irin zobon da mai karatunsa ke sha: wanda ake ƙullawa a leda ko a dura a gora da sanyinsa, an zuba masa sukari har ya yi kauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kusan ƙaramin cokali 12 ga babban mutum. Mai ciwon suga da ya karanta kanun farko ya shiga shan gora uku kullum ya gyara wani wuri ya ɓata wani.

Maƙalar za ta fita, amma da wani kanu: zobon da babu sukari na iya taimakawa wajen ɗan sauko da jini. Cikin sakin layi na farko, ba can ƙasa ba, za a rubuta cewa kada wanda likita ya ɗora kan magani ya ajiye maganinsa. Kafin a buga, za a tura wa likita ko ƙwararren masanin abinci da ba shi da hannu a rubutun ya duba. Aikin duka bai fi na yini guda ba. Irin wannan tankaɗe zogale ma yake buƙata: ganye ne mai gina jiki ƙwarai, amma yawancin binciken da ake kafa hujja da shi kan ciwon suga a jikin ɓeraye aka yi shi, ko a kan mutane ƙalilan.

Alƙaluman da ke firgita mutane

A watan Oktoban 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke Liyon a Faransa, ta sanya sarrafaffen nama, wato wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi ko sinadarai, a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Taba ma a rukunin take. Jaridu da yawa suka buga cewa naman daidai yake da taba. Alhali rukunin yana nuna ƙarfin tabbacin da ake da shi ne cewa abu na iya jawo ciwon, ba girman haɗarinsa ba.

Cibiyar ta ce cin giram 50 kullum na ƙara haɗarin dajin hanji da kashi 18 cikin 100. Mai karatu zai ɗauka mutum 18 cikin 100 za su kamu. Ga yadda lissafin yake a ƙasa irin Birtaniya: cikin mutum 100, kimanin 6 ne za su gamu da wannan ciwo a tsawon rayuwarsu, idan duka ɗarin suna cin wannan adadi kullum, sai su zama kimanin 7. Ƙari ne na gaske da ya cancanci a faɗa, amma a faɗe shi yadda mutum zai iya auna shi. Duk inda aka rubuta "ya ninka" ko "ya ƙaru da kashi kaza", wajibi ne a bi shi da amsar tambayar: daga nawa zuwa nawa?

Wa ya biya?

A 1967 mujallar New England Journal of Medicine ta buga wani nazari na masana uku daga Jami'ar Harvard da ya sassauta laifin sukari a ciwon zuciya ya ɗora nauyin a kan kitse. Sai a 2016 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka bankaɗo wasiƙun da suka nuna cewa ƙungiyar masu sana'ar sukari ce ta biya dala 6,500 don a yi nazarin, ta kuma ga rubutun kafin a buga. Ba a faɗa wa masu karatu ba, kusan shekara hamsin.

Salon ya sauya, halin bai sauya ba. A 2015 jaridar New York Times ta bayyana cewa kamfanin Coca-Cola ne ke ɗaukar nauyin wata ƙungiyar masana da ke jaddada cewa motsa jiki ya fi rage ci muhimmanci wajen yaƙi da ƙiba. Kafin ƙarshen shekarar ƙungiyar ta rushe. A 2023 kuma, bayan bincike na jaridar Washington Post da kafar The Examination, hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta aika takardun gargaɗi ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa biyu da masana abinci da fitattun masu amfani da kafafen sada zumunta 12, saboda an biya su su yi magana kan sukari da sinadarin zaƙi na aspatam ba tare da sun bayyana biyan a sarari ba.

Ƙaramin mawallafi ya fi kowa fuskantar wannan jarrabawa, domin sau da yawa mai sayar da garin ƙarin ƙiba ko shayin rage teɓa shi ne kaɗai mai kawo talla. Karɓar talla ba laifi ba ne. Laifin shi ne a sa mata rigar labari. Talla a rubuta "talla" a kanta da manyan baƙaƙe. Mai talla ba ya ganin maƙala kafin a buga. Marubucin da ke sayar da abin da yake yabo, ko yake samun kamasho a kansa, ya faɗa a farkon rubutun. Akwai kuma tallar da ba a karɓa ko nawa ne: dokar abinci da magunguna ta Najeriya ta hana a tallata wa jama'a wani abinci ko magani a matsayin waraka ga jerin cututtuka da suka haɗa da ciwon daji da ciwon suga da hawan jini.

A nan ya kamata a fahimci ma'anar lambar hukumar NAFDAC a jikin magungunan gargajiya. Masu talla kan ɗaga kwalba su ce hukuma ta amince. Yawancin irin waɗannan kayayyaki rajistar wucin gadi ake ba su bayan an duba cewa ba sa cutarwa, kuma ana wajabta musu rubuta cewa hukumar ba ta tantance da'awar warkarwar da ke jikinsu ba. Editan da ya bar "NAFDAC ta amince" ta zauna a gurbin "yana warkarwa" ya taya mai kaya ruɗar mai saye.

Idan an yi kuskure

Babu gidan da ba ya kuskure, kuma ilimin abinci ba a tsaye yake ba. Babban gwajin da aka yi a Sifaniya kan mutum 7,447 game da cimar yankin Bahar Rum, mai yawan man zaitun da 'ya'yan itatuwa masu ɓawo, ya fito a 2013 ya zagaye duniya. A 2018 mujallar da ta buga shi ta janye shi saboda an gano matsala a yadda aka raba wasu daga cikin mutanen, ta sake buga shi da gyararren lissafi da lafazi mai sassauci, ta kuma bayyana dalili. Wannan bai zubar da ƙimarta ba.

A gida ma muna da misali. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta yawan ciwon zuciyar da ke kama masu jego da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi, aka daɗe ana koyar da hakan. Binciken baya-bayan nan da likitocin zuciya a Kano suka jagoranta, wanda ya tattara marasa lafiya daga asibitoci a sassan ƙasar, bai samu wannan alaƙa da ƙarfin da aka zata ba; ya fi nuni ga rama, da talauci, da hawan jinin masu juna biyu. Marubucin da ya tsaya kan tsohon bayani kaɗai, da wanda ya ce sabon ya wanke kanwa kwata-kwata, duka sun rage wa mai karatu mudu. Gaskiyar ita ce a kawo duka biyun da shekarunsu, a kuma tuna cewa yawan gishiri da kanwa ba ya yi wa mai hawan jini daɗi.

Saboda haka kowace maƙala ta ɗauki kwanan watan da aka rubuta ta da na ranar da aka sake duba ta. Gyara ya fito inda kuskuren ya fito, da girman da zai sa a gan shi, ya faɗi abin da aka ce da abin da yake daidai. Goge rubutu a ɓoye bai wadatar ba, domin wanda ya karanta jiya yana nan yana aiki da shi. Gamayyar masu tantance labarai ta duniya da cibiyar Poynter ta kafa a 2015 ta ɗora ƙa'idojinta kan ginshiƙai biyar: adalci, bayyana majiya, bayyana masu ba da kuɗi, bayyana hanyar aiki, da gyara a fili. Kafafen tantance labarai irin su Africa Check da aka kafa a 2012 da Dubawa da ta fara aiki a Najeriya a 2018 a kansu suke tafiya, kuma babu abin da zai hana mujallar mutum uku ta rubuta nata a shafi guda ta manna inda kowa zai gani.

Wanda ake rubuta wa

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Jarirai 29 cikin 100 kaɗai ake shayarwa da nonon uwa zalla a watanni shidan farko. A irin wannan wuri, kuɗin cefane ƙidayayye ne. Duk nairar da uwa ta kashe kan garin da aka ce yana buɗe ƙwaƙwalwar yaro, daga kuɗin wake da ƙwai da gyaɗa aka cire ta. Duk wata guda da magidanci ya yi yana shan jiƙo ya ajiye ƙwayar hawan jininsa, kusantar shanyewar ɓarin jiki ne.

Waɗannan mutane ba su da hanyar buɗe mujallar likitoci su duba da kansu. Sun ba marubuci aron idonsu ne, sun yarda zai karanta a madadinsu ya faɗa musu abin da ya gani ba ƙari ba ragi. Mawallafin da ya bi maganarsa har tushe, ya faɗi iyakar abin da hujja ta kai, ya bayyana wanda ya biya shi, ya gyara kuskurensa a bainar jama'a, zai buga maƙaloli kaɗan fiye da abokan gasarsa, kanunsa kuma ba za su kai nasu ɗaukar ido ba. Amma ranar da annoba ta zo ko aka shiga ruɗani kan wani abinci, wurinsa za a nufa a tambaya, kuma amsarsa za ta iya tsare rai. Wanda ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, akwai fannonin rubutu da yawa da kuskure a cikinsu ba ya kai mutum asibiti.